Ƙaramin Jirgin da Ya Kai Zare

Akwai wani mutum mai gyaran rediyo, wanda gidansa yake bakin kogi. Ya ƙera wa kansa wani ɗan jirgin ruwa na wasa, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba, yana tuƙa shi da rimot daga gaɓa. Rimot ɗin maɓalli biyu gare shi, ɗaya na gudu, ɗaya na sitiyari.

Wata rana da damina, matarsa tana dawowa daga gona ta mashigin da aka saba takawa da ƙafa, sai ruwa ya sauko daga tudu babu sallama. Da kyar ta haye wani dutse a tsakiyar kogin. Ruwa kuwa yana ta hawa.

Mutane suka taru. Masu kwalekwale suka ce jirgi ba zai shiga ba, duwatsu za su farfasa shi. Aka yi ta jefa igiya, ba ta kai. Sai mutumin ya ruga gida ya ɗauko ɗan jirginsa. Ya ɗaura masa siririn zaren fatsa, ya ƙulla ɗaya bakin zaren a jikin babbar igiya, domin in jirgin ya isa, matar ta jawo zaren, igiyar ta biyo.

Ya sa jirgin a ruwa. Ruwan ya riga ya rufe ƙafafun matar. Ta ɗaga murya ta ce, “Baban Saratu, ka yi sauri!”

Jama'a suka ɗauka, “Ƙara wuta! Ƙara wuta!”

Ya danne maɓallin gudu har ƙarshe. Jirgin ya zabura, hancinsa ya tashi sama, ya karkace. Ya murɗa sitiyari da ƙarfi, sai jirgin ya yi juyi, ya kwanta ta gefe, ruwa ya shiga cikinsa. Tsoro ya kama shi, ya saki maɓallin gaba ɗaya. Nan take kogin ya kwashi jirgin ya yi ƙasa da shi, yana neman fita daga inda rimot yake iya kaiwa. Ya juya sitiyari, jirgin bai amsa ba, gama jirgin da ba ya tafiya ba ya jin sitiyari.

Wani dattijo ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Ɗana, ka bar jin mu. Dubi jirginka.”

Mutumin ya ja numfashi. Ya taɓa maɓallin gudu kaɗan, jirgin ya farfaɗo. Ya juya hancinsa a hankali ya fuskanci inda ruwa yake fitowa. Bai nufi dutsen kai tsaye ba, ya nufi sama da shi, ya bar ruwa yana turo shi. Ruwa ya kai gwiwar matar, jama'a suna ta ihu, zuciyarsa tana ce masa ya danna. Bai danna ba. Jirgin ya yi ta matsowa har ya gogi dutsen, matar ta sunkuya ta cafke shi. Ta jawo zaren, igiya ta biyo, ta ɗaura a ƙugu. Maza suka ja, suka fito da ita tana tari, da ranta.

Ma'anar wannan misali ita ce: jirgin nan rayuwarka ce, gudu shi ne himmarka, sitiyari kuwa Maganar Allah. Waɗansunmu muna jin hayaniyar mutane, “Yi sauri, an wuce ka,” sai mu danne gudu a aure, a sana'a, har a aikin ikilisiya, ba mu tsaya mun tambayi Ubangiji hanya ba. In muka kusa kifewa kuma, sai mu saki kome, mu daina addu'a, mu daina zuwa sujada, duniya ta kwashe mu. Mai gaggawa da wanda ya saki hannu, dukansu ba sa isa.

Ka kuma tuna, ba kai kaɗai abin ya shafa ba. Akwai wani a gidanka ko a unguwarku da ruwa ya kai masa gwiwa, kai Allah ya ba zaren ka kai masa. Ka yi tafiyar da Maganarsa za ta iya juya ka, domin ka isa wurinsa tun yana tsaye.