Rigar Torkil da Waƙar da Ba a Maimaitawa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, ko daga bayan teku ta taso!

Daga can kuwa ta taso. Lantana, sauke ƙafarki daga kan ƙanenki, ki buɗe kunne.

An yi wani tsibiri a ƙarshen ƙasar Sikotilan, ruwa gaba, ruwa baya. Babu itace ko ɗaya, sai duwatsu da iska. Hazo kan sauko ya kwanta bisa gidaje kamar auduga, tumakin mutanen wurin kuwa ciyawar teku suke ci.

A nan wata tsohuwa take, Iya Marsali, da ɗanta guda, masunci, sunansa Torkil. Mijinta kuwa teku ta riƙe shi tuntuni. Sanyi ya kusa, zai shiga teku, rigarsa ta mutu. Iya Marsali ta saƙa masa ƙyallen ulu.

To, a can, in an gama saƙa, mata kan jiƙa ƙyallen, su zauna kewaye da katako, suna bugawa suna miƙa wa juna suna waƙa, har ya yi kaurin da iska ba ta ratsa shi. Amma ba a rera waƙa ɗaya sau biyu a kan ƙyalle ɗaya. In aka maimaita, ƙyallen ya saki, sanyi ya kashe mai shi a teku.

Da can matan cika ɗaki suke. Yanzu yara sun bi jirgi sun tafi birni, saura tsofaffi. Suka buga, suka buga, waƙoƙinsu suka ƙare, ƙyalle bai yi kauri ba. Hankalin Iya Marsali ya tashi. Ta ɗauki busasshen kifinta ta fita neman waƙa.

Ta tarar da Rago a bakin ruwa. Ta ce, "Rago, Rago, ba ni waƙar da ba a rera ba."

Rago ya ce, "Iya, ba ni da waƙa, sai kiɗa." Ya buga kofato a dutse, ƙwas, ƙwas-ƙwas. Ta riƙe.

Ta tarar da wata dabba mai kama da ayu, kwance bisa dutse, idonta kamar na mutum. Ta ce, "Ayu, Ayu, ba ni waƙar da ba a rera ba."

Ayu ta ce, "Iya, ba ni da kalma, sai murya." Ta ja wani dogon sauti mai sa kewa, har hazo ya tsaya yana saurare. Ta riƙe.

Ta tarar da Hankaka. Ta ce, "Hankaka, Hankaka, ba ni waƙar da ba a rera ba."

Hankaka ya ce, "Ai ni ne gidanta! Kawo kifin."

Ya cinye tas, ya rera mata waƙa mai daɗi. Ɗan banza! Ashe da safe ya ji ta daga kan rufi, matan suna rerawa lokacin da Iya Marsali ta fita ɗebo ruwa.

Ta dawo da murna, aka kama ƙyalle. Ta fara rerawa ke nan, sai Iya Barabal, babbarsu, ta toshe mata shi da jiƙaƙƙen hannu. Ta ce, "Yi shiru, 'yar'uwa! Mun rera wannan. Za ki kashe yaron."

Iya Marsali ta zauna tana kuka. Can ta tuna kiɗan Rago, ta buga ƙyalle, ƙwas, ƙwas-ƙwas. Ta ja muryar Ayu. Kalma ce babu. Ta duba ta taga, ta ga gidajen da ba sa hayaƙi, sai ta fara kiran masu su.

"Ishbel mai jan gashi, ina kike? Ruwari mai gyaran jirgi, ina kake?"

Matan suka amsa, "Suna nan, suna nan." Kowace ta sako nata, wanda ya tafi birni da wanda teku ta riƙe. Suka ji ɗakin ya cika, hannuwa sun yi yawa a kan katako. Kafin sunaye su ƙare, ƙyalle ya yi kaurin da yatsa ba ya lotsa shi.

Iya Barabal ta leƙa ta ce, "Hankaka, tunda maimaici kake so, ka yi ta yi." Shi ya sa har yau waƙarsa ɗaya ce, kaa, kaa, kaa.

Aka ɗinka wa Torkil riga da ƙyallen, ya sa, ya shiga teku. Iska ta taso, ba ta ratsa shi ba. Da ya dawo ya ce, "Iya, duk sanda iska ta bugi rigar nan sai in ji ana kiran mutanenmu, har da Baba."

Ta ce, "Na sani. Ni na sa sunansa a wajen ƙirjin rigar."

To kun ji. Abin da kakanni suka bar muku, in ya ƙare a bakinku, ku ƙara naku a kai, kada ku saya wurin mayaudari.

Ƙurunƙus kan Hankaka! Ba don barci ya sace Lantana ba, da na sa sunanta a waƙar.