Gabzar Nomau a Gaban Kwamiti

Wallahi a gabana aka yi, da idon nan nawa na gani!

Ana gobe 'yan kwamitin duba gidan yari za su zo, babban gandiroba ya kira wani fursuna, Nomau mai gyaran keke.

"Kai za su tambaya zancen abinci. Ka kushe, wata guda a ɗakin horo. Ka yaba kuma, sai sun rantsar da kai."

Washegari Hajiya Kulu, shugabar kwamitin, ta ce, "Bawan Allah, yaya abincinku?"

"Hajiya, in na yaba ku ce tsoro ne, in na kushe ku ce ƙiyayya ce. Ga Oga nan, ba ya tsoron kowa. Ya ci ku gani."

Ya miƙa wa babban gandiroban kwanon gabza, tuwon fursunoni. "Bismillah, ranka ya daɗe."

Oga ya ce ai azumi yake.

"Da goro a bakinka?" in ji Hajiya.

Loma ɗaya ya kai, sai ga hawaye. Hajiya ta rubuta. Kafin sati miya ta ga mai, Nomau kuwa ba a taɓa shi ba, tunda bai kushe ba.

Goron nan dai, ni na sa masa a baki don labarin ya yi armashi.