Akuyar Alhaji da Sharar Malam Barau

Wai ranar da Malam Barau zai bar ɗakin da ya kama haya na wata biyu a Kano, sai mai gidan, Alhaji Nadabo, ya zo ya zauna daram a kan katifar Barau.

"Barau, dokar gidana ce: baƙo ya tafi da sharar da ya tara, kada ya bar ko tsinke. Ka tsamo taka daga juji, ban da ta wani. In ka kasa, katifa ta zama tawa."

Barau ya gyara zaman hularsa. "Haba Alhaji! Mutum kamar ni ya shiga juji da farar shadda? Ba kai ka ce mu riƙa ware shara ba? Leda daban, gwangwani a ba 'yan bola, ɓawo kuma..."

"A zuba wa akuyata. Ni na faɗa."

"Madalla. Ni kuwa doya kawai nake ci."

Barau ya nufi turke, ya kwance akuyar.

"Kai! Ina za ka kai min ita?"

"Sharata ce a cikinta, Alhaji, ɓawon wata biyu cur. Juna biyun nan da take ɗauke da shi ma, ai ƙarfin doyata ne."

Alhaji ya miƙe, ya naɗe katifar da hannunsa, har ya ɗora masa ita a ka.

Barau ya fita yana ƙunƙuni: "Wallahi an cuce ni. Katifa ba ta haihuwa."