Sallama a Ƙofar Dorina

Akwai wani mutum mai suna Moabi, shugaban jagororin baƙi a wani sansanin alfarma cikin fadamar Okavango a ƙasar Botswana, irin wanda ƙaramin jirgin sama ke sauke Turawa a tarbe su da tawul mai sanyi. Ya yi karatu a Gaborone, babban birnin ƙasar. Ya san sunan kowane tsuntsu da harshe uku, kuma ya san ya sani.

Cikin masu tuƙa mokoro, siririn kwalekwalen da ake turawa da gora, akwai dattijo Sarefo. Shekara arba'in da ɗaya yana tsaye a bayan jirgi. Duk inda ruwa ya yi zurfi ya yi baƙi, sai ya daki gefen jirgin da gorarsa sau uku. Ko. Ko. Ko. Sannan ya jira.

"Baba, wa kake yi wa sallama a nan?" Moabi yakan ce da dariya.

"Matar gidan. Dorina tana kwance a ƙasa. In ta ji ka, sai ta ɗago ta nuna inda take, ka kauce. Ko kai, ɗana, in na faɗo maka ɗaki kana barci, ai ba shayi za ka ba ni ba."

Cikin sanyin watan Yuli, lokacin hunturun ƙasar, wata Baturiya ta zo. Zuwanta na huɗu ke nan don hoton wata jar mujiya mai kamun kifi, ba ta taɓa dacewa ba. A safiyarta ta ƙarshe Moabi ya sami labarin an ga tsuntsuwar a kan wata bishiya, bayan wani kwarin ruwa mai zurfi. Ya yi mata alkawari.

Suka shiga mokoro ɗaya: Moabi a gaba, baƙuwa a tsakiya, Sarefo a baya. Da suka doso kwarin, tsohon ya ɗaga gora. Moabi ya waiwayo, ya yi magana da Setswana, harshen ƙasar, don kada baƙuwa ta ji.

"Kada ka kuskura. Za ka tashi tsuntsuwar."

"Ɗana, lokacin 'ya'yan dorina ne. Uku kawai, a hankali."

"Baba, in ganga kake son kaɗawa, akwai biki a ƙauye. In ka buga, gobe ka zauna a gida, in kawo jirgi mai inji."

Sarefo ya dube shi. Sannan ya sauke gorar cikin ruwa ba ko ƙara, ya tura.

Sun ga mujiyar. Baƙuwa ta ɗauki hoto biyu. Kafin na uku dorina ta taso daga ƙasa, ruwa ya tashi da su.

Da Moabi ya ɗago kansa, jirgi ya kife, baƙuwa tana riƙe da wuyansa, dorina kuma ta juyo kansu, ɗanta a bayanta. Tsakaninsu bai fi tsawon gora biyu ba. 

Sai ya ji daga can bayan dorinar. Ko. Ko. Ko.

Sarefo ne, ya rungume jirgin da ya kife, yana dukansa da gora iya ƙarfinsa. Dorina ta tsaya. Ta juya.

Moabi ya ja baƙuwar zuwa cikin ciyawa. Bai waiwaya ba, amma ya ji lokacin da bugun ya tsaya.

Sai rana ta uku aka sami gawar tsohon cikin bado. Aka rubuta cewa haɗari ne. Baƙuwa ba ta jin Setswana, ta ma aiko da wasiƙa tana yaba jaruntakar Moabi. Ba wanda ya tambaye shi komai, shi kuma ya ɓoye abin da ya faru.

Daga nan bugun ya bi shi. Ba da dare ba, da rana tsaka. Mai dafa abinci ya ƙwanƙwasa cokali a bakin tukunya, Moabi ya ajiye kwanonsa. Kafinta na gyaran dakali, Moabi ya bar wurin. Wata rana yana tsaka da yi wa baƙi bayanin giwa, sai ya tsaya ya ce, "Kun ji?" Ba wanda ya ji komai. Ya daina shiga ruwa. Rigarsa ta aiki ta yi masa yawa.

Da shekara ta zagayo ya tafi ƙauyen Sarefo. Ya tsaya a ƙofar gida, ya yi sallama yadda kowa ke yi a ƙasar: "Ko ko."

Matar marigayin, Mma Kefilwe, tana zaune tana feraye saiwar bado. Ta nuna masa kujera. Bai zauna ba. Ya durƙusa ya faɗa mata duka, har maganar ganga da biki. Ba ta daina aikinta ba sai da ya gama.

"Na daɗe da sanin akwai magana," ta ce. "Mutumin da ko ɗakina bai taɓa shiga ba sallama ba, shi zai faɗa wa dorina? Jira nake in ga wanda zai zo."

"Mama, ki yafe mini."

"Ɗazu da ka iso ƙofata, me ka ce?"

"Ko ko na ce."

"Ashe ka iya."

Ta tashi da ƙyar, ta shiga ɗaki, ta fito da gorar mijinta. Akwai gurbin haƙori kusa da tsakiyarta.

"Yafiya ba yau ba, ɗana. Ban kai can ba tukuna. Amma wannan ba ta saba zaman ɗaki ba. Riƙe."

Moabi ya ajiye shugabanci. Ya koyi tsayuwa a bayan jirgi yana ɗan shekara arba'in, ya sha faɗawa ruwa, ya sha dariya. Yanzu furfura ta rufe shi. Sababbin jagorori na kiransa Baba Makaɗi. A kowane baƙin ruwa yana buga uku, ko baƙi sun tsuke fuska, ko tsuntsu ya tashi.

Sannan ya jira. Ya fi sauran matuƙa daɗewa a jiran, kansa a karkace. Dorina takan ɗago, ta yi huci, ya ga inda take. Duk da haka ba ya turawa nan da nan. Ba ita yake saurare ba, bugun Sarefo yake saurare.

Darasi: In ka ga dattijo ya riƙe wata ƙaramar al'ada a aikinsa, tambaye shi dalili kafin ka hana shi, don wataƙila da rai aka saye ta. Girman kai na minti ɗaya yakan bar nadamar da ba ta tsufa. Ku tura wa wanda ke da na ƙasa da shi a wurin aiki, ya karanta tun bai yi tsawar da ba ta janyuwa ba.