Laifin da Ke Kwance a Ƙasan Tafki

An yi wani sarki a ƙasar Kwarin Ɓaure, ana ce masa Jatau, mai son adalci ne, amma mai gaggawar hukunci. A bayan garinsa akwai tafki mai faɗi marar zurfi, daga shi ake sha, a cikinsa ake su. Sannu a hankali ruwan ya koma kore shar, gansakuka ta rufe shi, kifi ya riƙa tasowa matacce.

Sarki ya hana zuba shara da ruwan kwata, ya hana shanu shiga, ya sa aka haƙa musu rijiyoyi. Damina ta wuce, wata ta biyo, tafki bai canza ba. Fadawa suka ce ai makiyayan Arɗo Manu ne ke satar shiga da shanu. Sarki ya ce su bar ƙasarsa kafin kaka.

Arɗo ya zo ya faɗi, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kaburburan iyayenmu a nan suke. Shanuna sun ma manta ɗanɗanon ruwan nan."

Sarki ya ce, "To, aljanu ne ke kashi a ciki?"

Waziri Ukashatu, dattijo mai haƙuri da bincike, ya nemi alfarma a jinkirta. Ya sa aka cika tukwane biyu da ruwan rijiyar fada, ya jefa dunƙulen baƙin taɓon tafki a ɗaya, aka ajiye su a rana a tsakar gidan sarki, Sarkin Dogarai da kansa yana gadi. Da kwanaki suka ja, ɗaya tana nan garau, mai taɓon kuwa ta yi kore.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, shanun wa suka shiga wannan tukunya?"

Sarki ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Sai dai na Sarkin Dogarai."

Sarkin Dogarai ya zabura, "Wallahi ko akuya ba ni da ita!"

Aka yi dariya. Waziri ya ce, "Allah ya ƙara maka imani, abin da garin nan ya zuba tun zamanin kakanni, da na fada da na kasuwa da na ruga, bai tafi ko'ina ba, ya kwanta a ƙasan tafki ya zama taki. Ruwan ba zurfi, iska ta kaɗa shi, tarun masunta ya ja ƙasa, takin ya taso ya ciyar da gansakuka. Mun rufe ƙofa, alhali cutar tana cikin ɗaki."

"Mene ne magani?"

"Idan ruwa ya janye da rani, a kwashe taɓon a kai gonaki, a bar ciyawar bakin ruwa ta riƙe saura, masunta su huta da taru. Ba bana za a ga amfanin ba, ƙila ba baɗi ba."

Sarki ya juya wurin Arɗo ya ce, "Na zalunce ka da zato. Zauna a ƙasarka."

Arɗo ya ce, "Shanun da aka zarga su za su ja taɓon, ranka ya daɗe."

Haka aka yi. Manoma suka ga yadda gero ya yi a kan taɓon, har aka riƙa faɗa a kansa. Bayan wasu shekaru ruwan ya washe, har wata mace ta leƙa tafki ta ga fuskarta. Sarki ya yafa wa Waziri alkyabba, ya damƙa masa amanar ruwan ƙasar duka.

Mai mulki ya tona har ƙasa kafin ya yanke hukunci, domin sau da yawa laifin ya girmi wanda ake tuhuma.