Rigar Tsamiya da Idon Malam Jibo

To, ku ajiye wayoyin nan ku matso kusa. Yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi sai ya faɗi ra'ayinsa. Kai ma da kake hamma a baya can, har da kai.

A cikin birnin Zariya an yi wani maɗinki, Malam Jibo. In na ce maɗinki kada ku kawo mai taka keke a ranku. Aikin hannu yake yi wa babbar riga, irin wanda ake wata shida ana bi da allura. Ga shi da baki, Allah Ya shirya. In ya ga rigar da aka yi wa aiki da keke, sai ya kama gefenta da yatsu biyu kamar ya ɗauko mataccen ɓera, ya ce a kawar masa da ita.

Idonsa na dama ya mutu shekara goma sha biyar da suka wuce. Yanar ido ce ta rufe shi, sai wani mai yawo gari-gari da 'yar jaka ya zo ya ce zai ture ta da tsinke. Ya kuwa ture. Kwana uku Malam yana gani yana murna, ran na huɗu ido ya kumbura, bai sake ganin komai da shi ba. Saboda haka da yana ta fara hawa na hagu, sai ya rantse hannun ɗan Adam ba zai ƙara taɓa masa ido ba. Lokacin yana tsakiyar wata riga mai aska takwas da zaren tsamiya, ya gama shida, saura biyu. Ya naɗe ta ya sa a akwati. Shekara biyu yana zaune a zaure yana gane mutane da murya. Kowace safiya sai ya ɗaga hannu ya ƙirga yatsunsa, saboda ya san ranar da ya kasa ganinsu shi ke nan. Wata rana baƙin ciki ya ishe shi, ya ce a gaban jama'a, "Duk wanda ya dawo min da idon nan, in na ƙarasa rigar can, tasa ce."

Yana da 'ya'ya maza uku, duk magidanta: Ashiru ɗan fari, Mudi na tsakiya, da Sallau auta.

Ku fara da Ashiru. Kun san yadda dattawanmu suke da ɗan fari. Malam bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "kai", kuma ba sa haɗa ido. To Ashirun nan ne ya gane abin da uban ke tsoro. Bai yi masa gardama ba, ya je ya ɗauko wani tsohon abokin Malam mai sayar da goro, wanda aka cire wa yana a wani babban asibiti da na'urar leza. Mai goro ya zauna ya ba da labari, ya ce haske ne ke yin yankan, an auna shi daidai, likita ya ƙarasa sauran. Ya ɗauki allura ya zura zare a gaban mutane, aka yi ta salati. Jama'a, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zagin keke, sai ga shi yana cewa, "In dai inji ne, ku kai ni. Inji ba ya rawar hannu." A asibitin aka ɗauki hoton cikin idon, aka yi awo iri-iri. Likita ya ce sun zo a kan gaɓa, don yanar ta ƙosa har ta fara matse idon, da an ƙara 'yan watanni da ya bi ɗan'uwansa. Sai ya tambaya, "Baba, akwai maganin da kake sha kullum?" Malam ya ji Ashiru tsaye a bayansa, ya ce, "Babu." Ku riƙe wannan babun, za mu dawo kanta. Likitan bai ɓoye musu komai ba. Ya ce akwai tsohon tabo a gaban idon, haske ba ya son ratsa tabo, yanar kuma ta yi tauri, amma za a iya gwadawa. Aka sa rana.

Sai Mudi. Shi direban babbar mota ne, mai taurin kai irin na uban. Da aka ba shi labari, kalma ɗaya ta tsaya masa a wuya. Ya ce, "Gwadawa? A ido ɗaya?" Ya ajiye mota, ya karɓi takardun awon, ya yi mako biyu yana bin mutanen da aka yi wa aiki, na leza da na hannu, yana tambayarsu. Mafi yawansu suna gani lafiya lau, ta nan da ta can. A ƙarshe aka kwatanta masa wata dattijuwar likita a wani ƙaramin asibiti, wadda ta shekara talatin tana cire yana da hannu. Ta duba hotunan ta daɗe. Ta ce hanyoyin biyu duk masu kyau ne, ido ne ke zaɓa, kuma wannan idon mai tabo da busasshiyar yana, hannu ya fi dacewa da shi. Ta ƙara da cewa hoton ya nuna mata wani gefe mai rauni da kayan aikinta ba za su gano ba. Ta buga wa likitan farko waya, suka tattauna, shi ma ya ce gaskiyarta. Saura Malam, wanda da jin an ce hannu ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai je ba. Mudi ya durƙusa ya ce, "Baba, kai da mai facin buhu a kasuwa duk allura kuke riƙewa. Ɗaya kuke?" Sai Malam ya ce, "Ɗan banza. Yaushe ta ce mu zo?"

Sai auta. Sallau bai san leza ba, bai san likita ba, shi dai shi ne wanda uban ke sakewa da shi, su yi hira har da dariya. Ran da za a yi aikin, da hantsi, suna zaune a baranda, sai ya ji Ashiru yana gaya wa ma'aikaciyar jinya cewa Baba ba ya shan kowane magani. Sallau kuwa ya san ba haka ba ne. Shekara uku ke nan fitsari yana yi wa Malam gardama, irin ta tsofaffin maza, kuma kullum yana shan wata ƙwaya da yake ɓoyewa a gwangwanin allurai. Sallau ne ke sayo masa, Malam kuma ya sa shi ya yi alkawarin ko iyalinsa ba zai gaya wa ba. Ta yaya dattijo zai ambaci fitsari a gaban ɗan farinsa? Sallau ya raɗa masa a kunne, Malam ya damƙe hannunsa ya ce, "Ina ruwan ido da wannan? Ka rufa min asiri." Aka zo aka tura shi ciki. Sallau ya tashi, ya zauna, ya sake tashi, sannan ya bi su da gudu har bakin ƙofa, ya faɗi sunan maganin a gaban kowa, yayyensa na ji. Likitar ta tsaya cak. Ta ce wannan maganin yana sa baƙin ido ya yi laushi ya saki ana tsakiyar aiki, in ba a sani ba a yi ɓarna. Ta sa aka canza shiri, aka kawo wasu 'yan kayan da za su riƙe shi. Malam yana kwance yana ji, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Washegari da safe aka zo cire bandeji. Malam bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba, har ya ƙi buɗe idon sai da likitar ta lallaɓa shi. Da farko farin haske kawai, da hawaye. Sannan taga. Sannan wani mutum tsaye da furfura a gemu, wanda sai da Malam ya ɗauki lokaci kafin ya gane ɗan farinsa ne. Ya dube shi sosai, irin kallon da bai taɓa yi masa ba tun yana jariri. Kowa na jiran ya yi hamdala. Sai ya ce, "Kai, wannan hular taka ai aikin keke ce." Wayyo! Ɗakin ya kaure da dariya, Ashiru na dariya yana share ido da hular, Mudi ya zube ya yi sujada, shi kansa Malam yana ta Alhamdulillahi, ya ji kamar an sauke masa buhun gero daga ƙirji. Sallau ya raɓe a bayan ƙofa, sai da uban ya ce, "Fito nan, mai dogon baki, in ga fuskarka."

Bayan wata biyu aka ba shi tabarau, ya zura zare a kafar allura da kansa. Kafin azumi ya zo, ya ƙarasa askake biyun. Ya shimfiɗa rigar a cinyarsa a zaure, sai ya tuna maganar da ya yi a gaban jama'a, murna ta koma tunani. Ba don Ashiru ba, da yana nan zaune har idon ya mutu, kuma ba hoton da ya nuna wurin raunin, amma da an bi ta Ashiru, da an yi gwaji a ido ɗaya. Ba don Mudi ba, da ba a sami hanyar da ta dace ba, amma Mudi da takardun wansa ya yi yawo, kuma da shi ya fara zuwa da maganar hannu, da korarsa aka yi. Ba don Sallau ba, da ƙila an yi aikin an tashi a banza, amma Sallau bai taka ko'ina ba, magana ɗaya ya yi, ita ma alkawarin ubansa ya karya.

Riga ɗaya ce, aska takwas ba ta rabuwa uku, Malam kuma ya ce ba zai ƙara ɗinka irinta ba, don yana tattalin idon. Kada wani ya ce min a bai wa likita, mace ce, ta ce a kai kasuwa. To, ku da kuke zaune da idanu biyu-biyu, cikin Ashiru da Mudi da Sallau, wa zai sa rigar nan ran Sallah?