Ƙanwa a Takarda, Baiwa a Gida

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, tela ne, Bahaushen Sudan. A shekarun da yaƙin kudu ya yi zafi, mahara kan dawo da shanu, su dawo da mutane. Garinsu kuwa kasuwa na ci, ana ɗinki, ana biki. A hannun maharan nan ya sayi wata budurwa, ya sa mata suna Raliya. Ita ce niƙa, ita ce ɗiban ruwa. Ba wanda ya ce masa don me.

Da ya samu aiki a Madina, matarsa ta ce ba inda za ta je ba tare da mai aiki ba. Sai ya sa aka rubuta Raliya ƙanwarsa a takarda. A Anbariyya ma, unguwar da suka zauna, haka yake gaya wa kowa. Shekara shida, ƙanwar nan ba ta taɓa sa hannu a kwano ɗaya da matarsa ba. Wace irin ƙanwa ce wannan?

Ana nan sai Abdulrauf, wani mutumin Cadi mai kawo dabino daga Khaibar, ya gan ta, ya turo manya. Malam Abdulsalam, dattijon unguwa, shi ya shige gaba. Raliya na bayan labule da tiren shayi. Ta san in aka sallami mutanen nan, a gidan za ta tsufa.

Malam ya ce, "Alhaji, auren ƙanwarka muka zo nema. Kai ne waliyyi."

Telan ya ce ai yarinya ce. Aka yi murmushi, don ta haura ashirin da biyar. Ya ce to sai ya ji daga gida.

"Ɗayyib, ba laifi, ba mu sunan baffanku, mu rubuta masa."

Nan zuciya ta ɗebe shi. "Wane baffa? Baiwata ce, ni na saye ta."

Malam ya juya wajen labule. "'Yata, haka ne?"

"Haka ne, Baba."

"Ajiye tiren nan, ɗauko mayafinki."

Ta fito, ta bi su har gidan Malam. Can ta zauna cikin mata ta yi kuka mai yawa, na sauke nauyi. Daga baya alƙali ya zama waliyyinta, aka tambaye ta ko tana son auren Abdulrauf, ta ce tana so.

Shi kuwa telan, magana ta kai ga hukuma, takardar ƙarya ta fito fili. Kafilinsa, wanda ya tsaya masa ya zauna a ƙasar, ya zare hannu, aka rufe shago, aka mai da shi ƙasarsu ba ko keken ɗinki.

Ya 'yan uwa, yaƙi ba ya halatta maka 'yar mutane. Don maƙwabta sun yi shiru, ka ɗauka Allah bai gani ba? Alhamdu lillahi da ta kuɓuta tun da sauran ƙuruciyarta. Allah ya kiyaye mu da danne bayinsa, ya kwance duk wanda ke ɗaure.